Taransifomar da Na Ɗauko Daga Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban samu sakat ba. In na zauna teburin mai shayi a tambaye ni, in na fito daga masallaci a tare ni, har malaman da nake shugabanta a firamare sai su bar aji su biyo ni ofis da "Malam Garba, yaya Nijar?" Bakina ya gaji da maimaitawa. Ga shi nan na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni haka.

Ga baƙon da bai san garinmu ba, ƙauye ne gabas da Ɗambatta, gona na jikin gona, gida na jikin gida. Taransifomarmu ta ƙone a wata tsawa da aka yi damina biyu da suka wuce. Mun yi zarya ofishin masu wuta har takalmanmu suka cinye, kullum amsar ɗaya ce, wai muna cikin jerin waɗanda za a duba. Shekarun kuwa kun san su. Mai ya yi tsadar da janareta ya zama kayan ado a zaure, mutum yana auna hatsin tuwo yana rage hannu.

Kowa ya ji jiki, amma wadda ta fi damuna ita ce Yaya Asabe. Ita ta rene ni bayan rasuwar innarmu, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nawa. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata uku da firiza babba guda. Da firizar nan take ci da su: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya. Da wuta ta ɗauke, sai firiza ta koma akwatin ajiye tufafi. Ƙanin mijinta da ke Bacirawa cikin Kano ya ce ta taho, akwai ɗaki a gidansa, can ko babu komai ana ganin wuta awa huɗu ko biyar. Ta faɗa mini ƙarara, in azumi ya kama ba wuta, za ta tattara ta tafi. Ban so ba ko kaɗan. Na girma, ina da furfura, amma har yau in raina ya ɓaci ƙofarta nake nufa.

Saura sati uku azumi sai ga saƙon murya daga Alhaji Ɗanlami, ɗan garinmu da ya tafi Damagaram tun yana saurayi ya yi arziki a can. Yana da masana'antar ƙanƙara da ya rufe, da taransifoma tasa ta kansa lafiya lau. Ya ce ya ba garinmu ita sadaka, ladan ya kai ga iyayensa da ke kwance a maƙabartarmu. A turo mutum ya ɗauka.

Aka yi taro a ƙofar Mai Unguwa, aka ce ni zan je, tunda ni ne ɗan boko kuma ina da katin shaida. Sai wani dattijo ya ce kada a je a ɗauko abin da ba zai zauna a kan dakalin tsohuwar ba. Nan da nan aka kawo igiyar rama. Kun san al'adarmu. In za a sayo wa yaro takalmin Sallah, kara ake karyawa daidai ƙafarsa a tafi da shi kasuwa. In ƙyaure za a yi, igiya ake kai wa kafinta. Haka muka je muka auna ƙonanniyar taransifoma, ƙulli ɗaya na tsayi, ɗaya na faɗi, ɗaya na zagaye. Ni na riƙe bakin igiyar. Akwai wani ɗan allon ƙarfe liƙe a jikinta, hayaƙi ya baƙanta shi, yana daidai gwiwata. Ko kallo na biyu ban yi masa ba. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada wani ya ce na ɗora wa tsofaffi laifi na wanke kaina.

Na hau mota a Ɗambatta da hantsi. Kujerar mutum uku, mu huɗu ne, na biyar rabin jikinsa a kan cinyata. Direban ba ya cika tanki, kwalba-kwalba yake saye a bakin hanya, kuma duk gangaren da ya gani sai ya kashe inji mu sulala shiru kamar masu rakiyar gawa. Mun wuce Kazaure kaɗan dabararsa ta ƙare, mota ta tsaya inda babu gangare babu mai kwalba. Muka sauka muka tura. Wani mai sayar da wake da ke tura kusa da ni ya ji inda za ni, ya ce, "Kai Malam, ku da kuke ba su wuta, ku ne kuma za ku je aron taransifoma wajensu?" Na ci gaba da turi.

Mun isa Daura bayan azahar, na canza mota zuwa bakin iyaka. A ɓangarenmu ba a daɗe ba. A nasu ɓangaren kuwa tsari ne ba wasa. Kowa ya sauka, a karɓe katunan gaba ɗaya, ku tsaya a rana a layi, a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Babu mai tsallake layi, babu mai cewa shi ɗan wane ne. Na yaba a raina, har aka zo kaina aka tambayi katin allurar rigakafi. Ba ni da shi. A nan take aka kai ni wani ɗaki aka soka mini allura, damtsena ya kwana uku a kumbure.

Jami'in da ya binciki jakata ya zaro igiyar ya ɗaga ta sama.

"Rago za ka saya?"

"A'a, ranka ya daɗe, awon taransifoma ne."

Ya dube ni, ya dubi igiyar, ya kira abokin aikinsa suka yi magana da Faransanci suka bushe da dariya. Na ji haushi, na ɗauka raini ne irin na masu kaki. Da na tambaye su abin dariyar, da na juya gida tun daga nan.

Muka bi ta Matamaye, muka shiga Damagaram rana na shirin faɗuwa. Alhaji ya sauke ni a ɗakin baƙinsa. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi rauni, sai da ya shafa fuskata ya ce na ɗauko goshin babana. Ya tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun rasu, kowanne sai mun tsaya mun yi masa addu'a.

Masu tambayar abinci, ga amsarku. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa yana yankan dasashi, kuma ba sukari a cikinsa. Kwaɗon zogalensu, da suke kira kopto, ya fi namu, wannan ba zan ɓoye ba. Fura tasu da kauri, nono ba a tsarge shi da ruwa ba. Shayi kuwa, Allah Ya ba ku haƙuri. Ba kofi ake cikawa a miƙo maka ka sha ka tashi ba. Ɗan gilashi ne da bai fi babban yatsa ba, zagaye uku, kowanne sai an dafa an juye an sake juyewa, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Wuta su kuran suke ce mata. Malamin makaranta kuma mushe, har na kwana biyu ina amsa Mushe Garba ina haɗe rai. Da rana ta take kowa ya rufe harka ya kwanta, ba ka samun ko mai ba ka amsar sallama sai wajen la'asar. Ni da nake ƙirga kwanakin azumi, wannan barcin ranar ya fi allurar ciwo.

Kashegari aka kai ni masana'antar. Ga taransifoma a kan dakalinta, fentinta bai ko kwaile ba. Na zaro igiya na auna. Tsayi ya yi daidai ƙulli. Faɗi ya yi. Zagaye ya rage da yatsa biyu, wato ma za ta zauna a dakalinmu har da sarari. Daɗi ya kama ni na kira Mai Unguwa nan take, shi kuma ya sa aka yi shela. Sannan na kira Yaya Asabe.

"Yaya, ta yi daidai. Kamar don mu aka ƙera ta."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Bari in aika Bacirawa su bar gyaran ɗakin nan."

Da la'asar wanda zai kwance wayoyin ya iso. Baba Illo sunansa, tsohon ma'aikacin wuta da ya yi ritaya, siriri, ga tabarau ɗaure da zare. Ya taɓa zama Kano shekaru yana aiki da 'yan kwangila, don haka ya san namu ya san nasu. Ya dubi igiyar da ke hannuna. Ya gaishe ni, ya ce, "Mushe, layinku nawa ne?"

"Waya uku ce a sama."

"Ba yawan waya nike tambaya ba. Ƙarfin kuran ɗin da ke ciki."

Na ce wuta dai ce irin ta kowa. Ya cire tabarau ya goge, ya jawo bulo ya zauna, ya ce in zauna. Ya ɗauki ƙusa ya fara zane a ƙasa, ni shugaban makaranta ina tsugune gabansa.

"Kuran in za a kai ta nesa sai an ɗaga ƙarfinta, in ba haka ba waya ta yi zafi, rabi ya lalace a hanya. Manyan turakun ƙarfen nan na ƙasarku, masu kama da hasumiya, bolt dubu ɗari uku da talatin suke ɗauke da shi. Masu bi musu, dubu ɗari da talatin da biyu. Irin wannan ne ya shigo mana nan daga wajen Katsina. Daga nan tasha ta sauke shi zuwa dubu talatin da uku, shi ake ja zuwa ƙauyuka. Cikin birni a ƙara saukewa zuwa dubu goma sha ɗaya. Taransifomar unguwa ita ce ta ƙarshe, ta mai da shi ɗari huɗu da 'yan kai, abin da ke shiga ɗakinka ɗari biyu da talatin ko arba'in. Ka gane?"

Na ce na gane.

"To kowace taransifoma da abin da aka yi ta ta karɓa. Ku talatin da uku ne da sha ɗaya. Mu nan cikin gari ashirin ne. Zo ka gani."

Ya kai ni jikinta ya nuna mini ɗan allon ƙarfe, irin wanda na bari a gida daidai gwiwata. An rubuta 20000 a sama, 400 a ƙasa. Na kira mataimakina a makaranta, Malam Isa, na ce ya bar abin da yake yi ya je ya goge allon tamu da toka da lemon tsami ya karanta mini. Minti ashirin da na yi ina jira, Baba Illo har ya fara ɗora shayi. Malam Isa ya kira ya ce, "Ranka ya daɗe, talatin da uku da sifiri uku, sai ɗari huɗu da sha biyar."

Na tambayi Baba Illo abin da zai faru in an jona ta haka.

"In ta yi haƙuri ba ta fashe nan take ba, kuran da zai shiga gidajenku ya kusa ninki biyu. Ƙwan lantarki ya fashe, rediyo ya yi hayaƙi. Mai firiji ko firiza shi ne zai fara kuka."

"Ba a gyara ta ta karɓi tamu?"

"Sai an fidda cikinta duka an sake naɗi, an canza kawunan. Wanda zai iya wannan, gara ya nemi wata."

Na kira Mai Unguwa na zayyana masa komai, har da lambobin. Ya saurara har na gama.

"Malam Garba, igiyar ta yi daidai ko ba ta yi ba?"

"Ta yi, Baba, amma ba a nan maganar take ba."

"To. Wuta ai wuta ce. Tasu ma daga wajenmu take zuwa, kai ka faɗa da bakinka."

"Baba, za ta ƙone mana kaya."

"An riga an yi shela. Kuma sadaka ce mutum ya yi wa iyayensa. A garin nan ba a taɓa mayar wa mutum sadakar mamatansa ba, ba kuwa a kaina za a fara ba. Ka ɗauko ta. In ta zo Allah Ya nuna mana hanya."

Na ce bari in gwada Alhaji da kansa. Na same shi a tabarma, na fara da cewa akwai 'yar matsala. Kafin in kai ga lamba ya kama hannuna ya ce shekara arba'in bai tsinana wa garinsu komai ba, uwarsa ta rasu ba ya nan, yanzu in yara suka yi karatun allo a hasken wutar nan ko Allah Ya dube shi. Hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Wace matsala ce, ɗana?" Na ce ta mota ce, kuma an samu.

Yaya Asabe kuwa, sau uku ina lalubo lambarta ina mayar da wayar aljihu. Na ce wa kaina irin wannan magana ba ta waya ba ce. Gaskiyar ita ce tsoro na ji.

Aka samo motar ɗaukar kaya, kanta, ta wani direba ɗan Daura, Ɗan'azumi. Ɗora taransifomar kawai ya ci yini guda, da sarƙa da ƙarafa uku da ƙarti takwas, ga kuma hutun rana a tsakiya, abin na rataye a sama kowa ya tafi ya kwanta. Baba Illo ya rako ni har bakin mota. Ya ce, "Mushe, ka yi mini alkawari ɗaya, kar ka bari wani ɗan gyaran wutar unguwa ya hau ya jona ta." Na yi masa.

A bakin iyaka muka kwana biyu. Takardun Alhaji da Faransanci suke, ɓangarenmu babu mai karantawa. Aka ce sai an san ko kayan aiki ne ko tarkacen ƙarfe, don kowanne da takardarsa. Muka yi zaman jiran wani babba da aka ce ya tafi ta'aziyya. Garin kwaki da ƙuli muka rayu a kai, a inuwar mota, Ɗan'azumi yana tuna mini kowace awa cewa shi ba haka aka yi da shi ba. Da babban ya dawo ya tambaye ni, na gaji da kwana-kwana na ce masa lafiyarta ƙalau amma ba za ta yi aiki a garinmu ba.

"To me ya sa kake ɗauke da ita?"

Duk tafiyar nan babu wanda ya yi mini tambaya mai hankali kamar wannan. Ya dube ni ya girgiza kai, ya buga hatimi ya ce in tafi, wai abin da ke kaina ya ishe ni.

Mun shigo gari da hantsi, saura kwana huɗu azumi. Tun daga kan kwana aka tare mu. Masu babura a gaba suna ta ham, mata na guɗa ta kan katanga, wani har ya ɗaga ni sama kamar na ci zaɓe. Aka sauke ta a gindin tsamiyar masallaci, inda take har yau, awaki na shan inuwarta. Mai Unguwa ya yi jawabi, Liman ya yi wa Alhaji da iyayensa addu'a. Da aka ba ni dama na faɗi gaskiya a gaban kowa, na ce duk wanda ya hau turke don jona ta, ni da kaina zan kai ƙararsa. Wasu suka ce boko ne ke ɗibata. Ban tsaya jin sauran ba, na ratsa ta bayan masallaci na nufi gidan Yaya.

Ta fito da firizar tsakar gida ta wanke ta tas, murfin a buɗe tana shan iska. Tufafin da ke ciki an ninke su a kan tabarma. Ga aya a kwano, ga zoɓo a ƙwarya, ga ƙullin ledojin ƙanƙara sababbi. Ta shimfiɗa mini buzu, ta kawo ruwa.

"Sannu da hanya. Ka rame."

"Yaya, ba za ta yi ba."

Na fara yi mata bayanin talatin da uku da ashirin. Ta ɗaga hannu.

"Yaushe ka sani?"

"Ranar da na kira ki. Da la'asar."

"Kwana shida ke nan."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta rufe kwanon ayar da faifai, ta dubi firizar. Can ta ce, "Motar da ta kawo ku, ina ta nufa daga nan?"

"Kano. Zai ɗauko siminti."

"To kar ta tafi haka. Je ka tsayar da shi."

Mutanen da suka sauke taransifoma da safe, su suka ɗora firizar bayan azahar. Ni na kama kusurwa ɗaya. Aka ɗaure ta, aka jera katifa da tukwane a gefenta, 'yan matan suka hau baya suka zauna a kan ƙullin kaya. Yaya ta shiga gaba. Ɗan'azumi ya tada mota, sai ta miƙo hannu ta taga ta ba ni makullin gidanta.

"Ka riƙa shiga kana share tsakar gidan, kar ciyawa ta cinye shi."

Na ce to. Makullin yana aljihuna yanzu haka da nake rubutun nan. Har yau ban iya buɗe ƙofar ba.